Kwalin da Na Aika wa Inna

Shekara uku Inna tana faɗa wa matan unguwarmu a Kano cewa ɗanta yana ƙera talabijin a Malesiya. Ban taɓa ce mata haka ba, amma kuma ban taɓa gyara mata ba. Gaskiyar magana, kamfanin da ya ɗauke ni aiki a Bukit Jalil bayan na gama karatu yana yin kayan lantarki, sai dai ni ko sukurun jikinsu ban taɓa ɗaurewa ba. Aikina kwali ne, da rubutun jikin kwali.

Ƙasashen da muke sayar wa kaya sun kafa dokoki don kare muhalli: a rage leda, a daina cusa farin soson nan mai kukan ƙiƙi-ƙiƙi, a rubuta a jikin kwali da me aka yi shi da inda za a jefa shi, a buga hoton kwandon shara da aka soke don kada a zubar da na'ura a bola. Kowace ƙasa da kalar fitinarta. Ni aka ɗora wa wata 'yar fanka mai caji, aka ce in tuɓe mata leda kaf, kuma ta isa hannun mai saye ba ko ƙwarzane. Wata da watanni ina sakin kwalaye daga saman tebur ina duba abin da ya fashe. Digiri biyu gare ni. Ranar da kwalina ya ci jarrabawa, ruwan ƙasa, ba hoto, ba sheƙi, ba leda ko ta rantsuwa, na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya gina gada.

Nan take na ce fankar farko ta Inna ce.

Matata ta juya kwalin ta sake juyawa. "Haka za ka aika mata?"

"Me ya same shi?"

"Babu. Na dai tuna firjinta ne."

Ta gama magana. Firjin Inna ya girmi aurenmu, amma har yau ledar ƙofarsa na nan, sitikar kamfani ma ba wanda ya isa ya ɓare. Kwalayen duk abin da aka taɓa saya mata suna jere a saman sif, masu hoto suna kallon ƙofa. A gidanmu sabon abu da ledarsa ake gane shi. Na sani sarai, amma na ce mata zamani ya canza, na ɗauki kwalina na hau jirgin ƙasa zuwa Sri Petaling.

Akwai wani ɗan kasuwa Bakano a can da yake tura wa ɗalibai kaya gida. Yana ganin kwalin ya dafe haɓa.

"Injiniya, wannan gift ne ko spare parts? Wa za a kai wa?"

"Mahaifiyata."

"Ai cannot lah, ba zai yiwu ba. Zo ka gani."

Ya buɗe ɗakin baya. Kwalaye ne masu sheƙi har rufi, da buhunan farin soso, da ledoji a ninke. Ashe zagayawa yake ɗakunan shara na dogayen gidajen Bukit Jalil yana tsinto su, tun da kamfanoni suka fara wannan abin da ya kira rowa. Duk wanda zai aika sabon kaya gida, sai ya sauya masa kwali.

"Sabo dal, amma in ba mu sa shi a kwalin bola ba, a gida cewa za a yi gwanjo ne. In duba maka mai hoton fanka? Boleh, ba matsala, kyauta ne."

Raina ya ɓaci. Abin da na ɓata watanni ina cirewa, shi wannan bawan Allah yake mayarwa a minti biyar. Na tsaya na yi masa lacca a kan teku da kifi da jikokinmu. Ya saurara da ladabi har na gama, sannan ya ce, "Allah ya ba da lada, Injiniya. Amma su Hajiya ba su halarci wannan seminar ɗin ba."

Na ce a tura shi yadda yake.

Bayan sati uku ƙanwata ta turo saƙon murya. Kaya sun iso, Inna ta aika an kira maƙwabta tun kafin a buɗe. Mata suka cika tsakar gida, aka fito da kwalina. Wata ta ce ƙila na ainihin ya yage a hanya. Wata ta laluba ciki ta ce ko leda babu, an dai yi amfani da ita kaɗan. Sai aka miƙa wa wata mai karatun jinya ta karanta rubutun jiki, rubutun da ni na tsara da hannuna, ta kuwa fassara shi daidai: an yi wannan kwali da tsofaffin takardun da aka zubar. Ƙanwata ta ce Inna dai ta ɗauki fankar ta shiga ɗaki.

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Na kira Inna da azahar ɗinsu.

"Inna, fankar nan sabuwa ce."

"Na sani, ɗan nan. Ai ko tsohuwa ce ka kyauta."

Wannan ya fi zagi ciwo. Ban san lokacin da na ce, "Inna, ni fa ba na ƙera talabijin. Fankar ma ba ni na yi ba. Kwalin nan da suka raina, shi ne aikina. Shi nake yi tun da na zo."



"Kwali," ta ce.

"Kwali."

"To. Allah ya yi albarka."

Kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba. Na raba tsohuwa da talabijin ɗinta a gaban unguwa, na ba ta takardar bola.

Ranar Asabar da yamma muna zaune da matata a mamak, shagon shayin nan na Malesiya, ƙanwata ta kira ta bidiyo tana ƙunshe dariya. Ta ce in ga wani abu. Ta wuce Inna, wadda ke kan darduma fankar na kaɗa mata mayafi, ta ɗaga wayar zuwa saman sif. An matsar da kwalayen masu hoto gefe. A tsakiya ga nawa, an naɗe shi da leda, an sake naɗewa, an ɗaure da zare. Leda uku na ƙirga.

"Inna, ledar me ce wannan?"

Ba ta ko kalli wayar ba. "Ƙura mana. Abin da ka yi da hannunka zan bari ya lalace?"

Matata ta sunkuyar da kai tana juya shayin da ta riga ta shanye. Ina da bayani a bakina, na teku da kifi, tsaf yadda na yi wa ɗan kasuwa. Na haɗiye shi, na ce ta kyauta, a ƙara ɗaure zaren da kyau.