Maƙerin da Ya Ƙera Gicciyen Kawu

Da safen nan aka kira ni daga Lafiya. Baba Maƙeri ya rasu jiya da la'asar, har an kai shi makwancinsa.

Tun da na ajiye wayar na kasa yin komai.

Ba dangina ba ne, kuma ba addininmu ɗaya ba. Maƙerin fari ne, mai aikin azurfa, rumfarsa tana bayan layin masu goro a kasuwa. Na yi masa laifi, kuma har ya rasu ban nemi gafararsa ba.

A 1983 za a naɗa kawuna Rabaran. Zumuntar matan cocinmu suka ce ba za su sayo gicciyen kanti ba, ƙerawa za a yi. Suka tara tsofaffin mundaye da 'yan kunne, kakata ta ƙara da zobenta, aka ƙulle a ɗankwali aka ba ni, tunda ni ne ɗan bokon gida kuma sabon ɗan jarida. Maƙera biyu suka ba ni haƙuri. Baba ne na uku.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tambayoyi ya fara yi. Mai sawar dogo ne ko gajere? Yana sunkuyawa idan yana addu'a? Yana ɗaukar jarirai? Daga nan ya ce a kawo masa mutumin ya gani.

Da Kawu ya zo, Baba ya auna shi da zare, ya ce da wannan wuya azurfar matan ba za ta zagaye ba, sai dai a sake karo-karo. Kawu ya ce laifin doyar Lafiya ne. Suka yi ta dariya kamar sun daɗe da sanin juna.

Ya rage tsawon sarƙar don kada gicciyen ya riƙa bugun ƙoƙon jibin Ubangiji idan Kawu ya sunkuya. Ya goge kusurwoyin har suka yi sumul, ya ce jariri in ya ga ƙyalli baki zai kai.

Mako uku yana aikin. Kullum na biyo sai ya tura mini dafaffiyar gyaɗa a murfin kwano. Wata rana ya ga maɗaurin agogona ya tsinke, ya miƙo hannu ya gyara ba tare da na roƙa ba.

Duk aikinsa yana buga masa ɗigo uku a baya, alamarsa ke nan. Wannan bai buga ba. Na tambaye shi dalili.

"Maƙwabta na yi wa aiki, ba talla na yi ba. Kada sunana ya fita, ɗana. Ka san gari."

Na ce na ji. Na ɗauke shi hoto riƙe da gicciyen, na ce na ajiya ne a gida.

Bayan shekara huɗu, lokacin da zama ya fara tsami tsakanin masallaci da coci a wurare da dama, editanmu a Jos ya ce yana neman labarin da zai sanyaya zukata. Na tuna da hoton. Na rubuta labarin, da sunan Baba, da layin da rumfarsa take. Ban je na tambaye shi ba, don na san amsar da zai ba ni.

Wannan ne karo na farko da sunana ya hau shafin farko.

Babu wanda ya doke shi, babu wanda ya taɓa rumfarsa. Iyayen amare dai suka daina kawo aiki. Wasu suka daina amsa gaisuwarsa. Mu kuma namu mutanen suka riƙa zuwa kallonsa, har aka fara yaɗa cewa ya kusa shiga coci. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, don mutum ne da bai taɓa wasa da sallarsa ba.

Bai kai shekara biyu ba ya rufe rumfar, ya koma noma a Arikya.

Na riƙa gaya wa kaina tsadar rayuwa ce ta kore shi. Na san ba haka ba ne.

Sai a 1996, shekarar da aka ba mu jiha, na je wajensa. Na same shi a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Ya gane ni tun daga nesa. Ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi Kawu, ya tambayi wuyan Kawu. Sannan ya ce ɗan zoben da ya haɗa gicciyen da sarƙar lallai ya fara cinyewa, in kawo masa ya sake shi kafin ya tsinke a gaban jama'a.

Na ce, "Baba, game da jaridar nan..."

"Ƙarya ka rubuta?"

"A'a."

"Ni ma ba aikin kunya na yi ba. Amma na roƙe ka."

Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Ya bar mini fili, ina gani. Kalma uku ce ta rage, ka yafe mini. Ni da nake cin abinci da kalmomi, sai na fara bayani a kan kyakkyawar niyya. Ya saurara har na gama. Da zan tafi ya sa aka ɗora mini doya a bayan mota.

Ban koma ba. Kowace shekara sai in ce bana.

Da Kawu ya rasu, gicciyen ya dawo hannuna. Ɗazu na ciro shi daga akwati. Ɗan zoben sarƙar ya siranta kamar zare, daidai inda Baba ya faɗa.

Gobe zan tafi Arikya ta'aziyya, zan faɗa wa 'ya'yansa abin da na kasa faɗa masa. Ban san ko za su karɓa ba, kuma ba dole ne su karɓa ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma Allah ya gafarta mini.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, kowa yadda addininsa ya koya masa. Na san wasu za su tambayi sunansa da hotonsa. Hoton yana nan a wajena. Ba zan sa ba. Ku ce Baba Maƙeri kawai, Allah ya san wanda kuke nufi.