Ruwan Bankwana Sau Uku

Na bar gida ranar Talata don in tare garken shanu kafin ya shiga gonar wakena. Kwana uku na yi a hanyar da mai lafiya yake zuwa ya dawo a wuni guda. Ruwa ya dake ni sau uku, kuma kowane duka sai an sami mai gaya mini shi ne na ƙarshe.

Gona ɗaya gare ni, a bayan Rurum Sabon Gari. Shekara goma sha bakwai ke nan wani Bafillace mai suna Buba, da ke zaune a ruga gabas da Kahu, yake kawo shanunsa gonar nan idan an kwashe amfani. Su ci harawa da kara, su bar mini taki. Ba ma aike, ba ma wasiƙa, don ni da shi ba mai karatu. Alamarmu shamuwa ce. Ranar da ta bar gari, sai ya ƙirga kwana bakwai ya taso.

Bana ruwa bai yi mana adalci ba. Ya sauka a Kibiya da Kahu kan lokaci, mu kuwa ya yi mana biyu ya ɗauke sama da mako uku. Geron ya ƙone. Na yi maimai da wake, a makare. Shamuwa ba ruwanta da maimai, lokacinta ya yi ta tashi. Ranar Juma'ar da na ga sheƙunan tsamiyar masallaci babu kowa, wakena fure yake yi. Shi ne abincin gidana na shekara, babu wani. Saniya sittin za su gama da shi tsakanin azahar da la'asar. Kuma tun da aka kawo Shari'a, akuya ta ci ganye ɗaya sai ka ji an ce a tafi gaban alƙali. Ban so in tsaya gaban alƙali da Buba ba.

Talata: Rurum zuwa Rano

Na fito ƙarfe biyar da rabi, bayan asuba. Mai ɗakina ta miƙo mini gorar kunu.

"Malam, Buba fa ba makaho ba ne."

"Shanunsa kuma ba malamai ba ne."

"To, Allah ya kiyaye hanya."

Raɓa ta jiƙa ni har gwiwa kafin in kai bakin titi, irin mai nauyin nan da ke zuwa idan damina ta fara haɗa kayanta. Na sami a-kori-kura ana loda mata ɗanyar masara. Naira arba'in zuwa Rano. Direban ya ce yanzu za mu tashi. Yanzun nan tasa ta kai mu ƙarfe tara saura.

Rana ta fito da zafin nan na bakin kaka, mai danƙo, ba iska ko kaɗan. Mun yi kamar rabin hanya muka iso wani kwalbati da ya karye. An manna hoton wani ɗan takara a jikinsa, yana murmushi. Wani fasinja ya ce shi ne ya yi alkawarin gyarawa tun zaɓen farko. Motar ta zauna a taɓo har gindi.

"Jama'a, a taimaka a sauko," in ji direba.

Muka sauko. Muka sauke buhu goma sha takwas, muka tura, muka mayar da buhu goma sha takwas. Na ce masa ya rage mini kuɗin mota tunda na yi masa dako.

"Baba, ai lada ka samu."

"Ladan kake zuba wa motar a tanki?"

Bai rage ba. Mun shiga Rano ana kiran azahar.

Na ci shinkafa da wake na naira talatin a tasha, ina ci ina jin haushin waken. Motar Kibiya ta kusa cika sai gabas ta yi baƙi a bayan duwatsu. Iska ta fara zuwa, ta kwashe rumfar mai goro ta kai ta tsallaken titi. Ƙarfe uku da rabi ruwa ya kece. Muka cusa kai rumfar mai shayi, mun fi goma, yana zubo mana ta ramukan kwano.

"Alhamdu lillahi," in ji mai shayin. "Wannan shi ne na bankwana. Ka ji tsawar nan? Haka yake yi in zai tafi."

Bai tafi ba sai bayan magariba, direbobi duk sun watse. Na kwana a zauren Alhaji Sule, wani ɗan kasuwar hatsi da na taɓa yi wa dako shekarun baya. Ya aiko mini tuwo da miyar kuɓewa ɗanya. Sauro kuma ya ci nasa rabon a jikina. Na ƙirga da yatsa: shamuwa ta tashi Juma'a, Buba ba zai taso ba sai wata Juma'ar. Ina da sauran kwana biyu. Da wannan na yi barci.

Laraba: Rano, Kibiya, Kahu

Bas ta tashi ƙarfe bakwai da kwata. Naira talatin. Mata a baya, maza a gaba, yadda aka tsara yanzu, shi ya sa aka matse mu biyar a kujerar mutum uku, bayan kuma akwai wuri. A bakin gari muka tarar da shingen masu binciken giya. Wani mai gemu ya leƙo ya nuna gorata.

"Malam, mene ne a ciki?"

"Kunu."

Ya buɗe ya shinshina. Kunun jiya ne, ya sha rana, ya yi tsami. Ya ɗaure fuska ya kira na biyu. Shi ma ya shinshina.

"Ka tabbata kunu ne?"

"Sha ka ji."

Bai sha ba. Ya rufe ya miƙo mini, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Na ce amin.

Da muka doshi Kibiya sai na ga kamar wata ƙasa na shiga. An yanke gero, dammuna a jere a gonaki. Mata suna roron wake. Ana gasa tumu a bakin hanya, ƙamshi ya cika motar. Kaka ta riga ta sauka a nan, mu kuwa muna can muna jiran fure ya zama ƙwaya. Amma ban tsaya na yi tunani ba. Da na tsaya, da na juya daga nan.

Babu motar Kahu, an ce hanya ta ɓaci. Sai acaɓa. Na sami wani siriri, ya ce shi mutumin Dawaki ne, ya san hanyar kamar tafin hannunsa. Ya ce naira ɗari da hamsin. Na ce tamanin. Muka tsaya a ɗari.

Bai san hanyar ba. Sau biyu muna tambaya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya shiga wani kududdufi da gudu, babur ya kwanta, salansa ta manne mini a ƙwauri. Na ji ƙaurin namana.

"Sannu Baba! Wallahi jiya babu ramin nan."

"Jiya ka biyo?"

Ya sunkuya ya ɗaga babur ɗinsa.

Na taɓa kwana huɗu ba ci a shekarar fari, na binne 'ya'ya uku da hannuna. Ƙunar salansa ba za ta zaunar da ni ba. Na yaga gefen rawani na ɗaure, muka ci gaba. Mun kai Kahu bayan azahar, muna sauka hadari yana haɗuwa. Muka fake a rumfar wani maƙeri. Wannan ruwan ya fi na jiya, har da ƙanƙara ƙanana.

"Ka ga ƙanƙara, Baba?" in ji ɗan acaɓan. "Shi ke nan, an rufe. Na bankwana ne."

"Kai da ba ka san ramin gabanka ba, ka san na sama?"

Da ya tsagaita na taka zuwa ruga, tafiyar kusan awa guda da ɗingishi. Tun daga nesa na ga abin da ban so ba. Garke babu komai sai kashi da turaku. 'Yan maruƙa uku kawai a ɗaure. Mahaifiyar Buba, da muke kira Dada, tana zaune bakin bukka tana gyaran ƙwarya.

"Garba? Lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Dada. Ina Buba?"

"Ya tafi wajenka. Tun Litinin."

"Litinin? Shamuwa Juma'a ta tashi!"

"Taku ko? Tamu tun Litinin ɗin da ta wuce ta tafi. An yanke gero, me za ta zauna yi?"

Na zauna a ƙasa. Shekara goma sha bakwai ban taɓa tunanin shamuwarsu daban tamu daban ba. Ina ƙirga da tawa, yana ƙirga da tasa. Ya bi burtali ta daji, ni na bi titi, muka wuce juna. Garke da maruƙa kwana uku yake yi zuwa Rurum. Wato yau ɗin nan, ina zaune a rugarsa, shi yana bakin gonata.

Na miƙe zan juya. Dada ta ce in zauna, rafi ya kawo, ko saniya ba ta haye shi yanzu. Ta wanke mini ƙunar, ta shafa man shanu, ta dama mini fura da nono mai kauri. Na sha don kada in ɓata mata rai.

"Me kake tsoro?" ta tambaye ni.

"Wakena bai nuna ba."

Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta ci gaba da gyaran ƙwaryarta.

Alhamis: komawa

Na bar ruga ƙarfe biyar, raɓa da hazo a kan ciyawa, da ɗan sanyin da ban ji ba tun bara. Kahu ƙarfe shida da rabi. Wani babur zuwa Kibiya, wannan karon mai hankali. Bas zuwa Rano, shingen nan dai, ba su tambayi gora ba don na bar ta a ruga. A Rano na jira mota awa uku. Ban ci komai ba.

Mun iso kwalbatin ɗan takara ƙarfe huɗu, ruwa na uku ya riga mu. Rafi ya hau kan hanya, hoton ma ya nutse har wuya. Direba ya kashe mota ya ce sai gobe. Wani tsoho yana zaune ƙarƙashin ɗorawa da buhu a ka, ya dube ni ya buɗe baki.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri, wannan ai na..."

"Baba, don girman Allah kada ka ƙarasa."

Na cire riga na ɗaure a ka, na shiga. Ruwan ya kai ƙirji. Na haye, na taka sauran hanyar da ƙafa, ƙunar tana bugawa kamar ana sara. Ban bi ta gida ba. Gona na nufa.

Na iso rana tana shirin faɗuwa, ruwa ya ɗauke. Tun daga kan tudu na ji kukan shanu. Na ƙarasa.

Waken yana nan. Kore shar, ya sha ruwa, har ya fara zuba ƙananan kwanso. Ko sawun kofato ɗaya babu a ciki. Shanun suna can tsallaken rafi a wata saura, an kewaye su da ƙaya. Buba yana zaune a kan kututturen bakin gonata, sanda a kafaɗa, da kwanon tuwon gidana a gabansa.

"Kaɗo!" in ji shi yana dariya, sunan da yake tsokanata da shi ke nan. "Daga ina haka, kamar wanda aka tono?"

"Daga rugarka."

"Rugata? Me ka je yi?"

"In ce maka kada ka taso. Wake bai nuna ba."

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Dariyar da ya fara ta tsaya.

"Garba, shekara nawa ina zuwa nan?"

"Goma sha bakwai."

"Ka taɓa ganin na saki saniya ban zaga gonar da ƙafata ba? Kowace shekara ina barin su a tsallake, in shigo da sassafe in duba kunya-kunya. Kai lokacin kana gida kana shan kunu, sai dai ka fito ka ga shanu a ciki."

Ban san da wannan ba. Ban taɓa tambaya ba.

"Wato kwana uku ka yi a hanya don ka kare wakenka daga gare ni."

"Daga shanu."

"Shanun da wa suke tafiya?"

Ya dubi ƙafata, ya yi tsaki, ya matsa mini a kan kututturen ya turo kwanon.

"Ci. Tun jiya matarka take ciyar da ni, ta ce maigidan ya tafi nemana. Na zaci wasa take yi."

Muka ci. Da muka gama ya nuna waken da sanda.

"Ruwan kwana ukun nan shi ya cece ka. Yana son ɗaya kuma, sannan rana. Ciyawar saurar can za ta riƙe ni kwana goma sha biyu. In ta ƙare zan wuce gaba, bana ka nemi takinka a wani wuri."

A gida mai ɗakina ta dafa ruwan zafi ta gasa mini ƙafa. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni. Na gode wa Alhaji Sule da zaurensa, da Dada da man shanunta, da maƙwabcina Malam Iro da ya rubuta wannan yadda na faɗa. Direban a-kori-kura da ɗan acaɓan Dawaki, Allah ya shirye su.

Yau kwana tara. Ina zaune a bakin gona ƙarƙashin rumfar kara, ƙafa a kumbure. Buba yana gaishe ni daga tsallake, amma bai sake kirana Kaɗo ba. Ciyawar saurar ta kusa ƙarewa. Da safe raɓa, da rana zafi, ganyen ɗorawa ya fara zuba. Tun ranar Alhamis ɗin nan ko ɗigo bai sauka ba. Ashe tsohon da na hana magana shi ne mai gaskiya. Ina nan dai, fuskata tana gabas.