Safiyar da Inna Ta Taka Toka

Shekara shida ke nan da aka kai Habu makwancinsa a nan Maryland. Ɗan kawuna ne, taubashina, wanda tun muna yara a Kano bai taɓa kiran sunana ba tare da ya haɗa da tsiya ba. Shi ya riga ni zuwa Amurka, shi ya tarbe ni a filin jirgi, kuma abin da ya fara gaya mini shi ne wai akwatina ya fi ni kyan gani. Tsire yake yi a bayan wani shagon kayan abincin Afirka a Silver Spring. Zuciyarsa ce ta buga da rana tsaka, yana tsaye a bakin aikinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ban yi niyyar rubuta komai a kansa bana ba, sanyin makon nan ne ya tilasta ni. Shago uku na shiga ina neman gishirin da ake barbaɗawa a hanya don ƙanƙara ta narke, duka ukun babu ko ƙwaya, sai takarda a manne wai a yi haƙuri. Ina tsaye a na ukun, raina a ɓace, sai na tuna wata safiyar Litinin da irin wannan ta same ni, shekara biyu kafin rasuwarsa.

Ga mai karatu na gida da bai taɓa gani ba, dusar ƙanƙara ba ita ce abin tsoro ba. Taushi gare ta kamar garin tuwo. Masifar tana zuwa ne idan ta ɗan narke da rana, sanyi ya dawo ya daskarar da ita. Sai ka ga hanya fes, ka ɗora ƙafa, ka tsinci kanka a ƙasa ba ka san yadda aka yi ba. Matashi ya tashi ya kaɗe jiki yana dariya. Tsoho kuwa in ƙugunsa ya karye, sau da yawa ya kwanta ke nan.

Ni kuma tsohuwa gare ni a gida. Inna, mahaifiyata, tana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako: Litinin, Laraba da Juma'a. Tun farko likita ya ja mana kunne cewa ba a tsallake rana, domin ruwa taruwa yake yi a jiki har numfashi ya gagara. Motar asibiti tana zuwa ɗaukarta, amma a bakin titi take tsayawa. Tsakanin ƙofar gininmu da titin akwai matakala tara da ɗan gangare. A wancan makon Inna ta riga ta rasa zuwan Juma'a saboda an rufe hanyoyi. Kafin Lahadi ƙafafunta sun kumbura, a zaune take barci, ina jin numfashinta daga kicin. Na san idan Litinin ta kuɓuce mana, abin ya fi ƙarfin gida.

Da asuba na leƙa waje, matakalar nan ta daskare. Durom ɗin gishirin da ke bakin ƙofa wayam, mai kula da ginin ya ce su ma jira suke a kawo musu. To ni 'yar Kano ce, na san abin da ke maganin sanyi. Na ɗora babbar tukunyar da nake dafa shinkafar suna, ruwa ya tafasa, na kinkimo na sheƙa daga sama har ƙasa. Tururi ya tashi, ƙanƙara ta narke a gaban idona, har ina ce wa kaina ashe Turawan nan ba su da dabara. Na koma ciki na shirya Inna. Da na sake fitowa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ruwan da na zuba ya daskare sumul, matakala tara sun zama kamar an shafe su da gilashi, har gangaren da ɗazu yake da dama-dama. Na juye gishirin miyata kaf a kai, ko gezau. Har kanwa na ɗauko, sannan na ga haukan ya isa haka. Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka, na kira Habu.

"Ke Binta, me kika zuba?" in ji shi. Na gaya masa. Ya yi dariya har da tari. "Ruwan zafi? Kai, duk zuriyarmu babu mai basirarki! Kada ki sake taɓa komai, ko tsintsiya. Ga ni nan."

Ya zo da buhu biyu, da ƙarfen da yake tona gawayi, da tsofaffin safa. Buhunan toka ce ta murhun tsirensa, wadda ta kwana ta huce. Bai tsaya gyara matakalar duka ba. Gefe ɗaya ya zaɓa, jikin ƙarfen da ake riƙewa, ya yi ta sara da ƙarfensa har saman ƙanƙarar ya yi kaushi, sannan ya bi da toka yana barbaɗawa da kauri, faɗin mutum biyu kawai. Ya ce toka ba ta narkar da ƙanƙara nan take, amma tana ba ƙafa abin kamawa, kuma da rana ta fito baƙinta zai ja zafi. Ya ce a wurin mahaifiyarsa ya gani, lokacin damina, in makewayi ya yi gansakuka. Ya sa na ɗora wa Inna safa a kan takalminta, ni ma na sa. Yana gamawa motar asibiti ta iso.

Muka fito da Inna, tana haki, tana dafe da ni. Tana ganin abin da ke ƙasa ta tsaya cak.

"Wannan mene ne?"

"Toka ce, Gwaggo," in ji Habu.

"Ba zan taka ba."

Na manta sam. A gidanmu tun muna yara Inna ba ta bari a taka toka, ta ce wurin zaman mutanen ɓoye ne. Ko sharar murhu aka kwashe, can bayan gida ake kaiwa inda ba a bi. Ta juyo kaina ta ce dama ta ji na watsa ruwan zafi a ƙasa, kuma ta tabbata ko bisimilla ban yi ba, ga shi yanzu za a sa ta ratsa ta kansu. Direba ya danna hon, ya ɗaga murya ya ce akwai wasu marasa lafiya da ke jiransa, minti biyar zai ƙara. Ni fa raina ya gama ɓaci. Na ce, "Inna, don girman Allah! Numfashi ma da ƙyar kike yi, kina zancen aljanu?" Ta ce a mayar da ita ɗaki. Wanda ya san Inna ya san tsawa ba ta motsa ta, ni ce dai ban taɓa koyon darasin ba.

Habu ya ce mini in yi shiru. Ya dubi Inna ya ce, "Haba Gwaggo, ni da nake mutum shekara nawa na yi ina neman biza? Su aljanun wa ya ba su?" Ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata, har ta kai masa duka da gefen mayafi. Sai ya durƙusa a gabanta, gwiwarsa cikin tokar, ya sassauta murya. "Ni zan shiga gaba. In akwai wani abu a ciki, ni zai fara samu. Ke dai ki dafa kafaɗata, ki yi bisimilla."

Haka muka sauka. Shi a gaba, Inna ta dafa shi, ni a baya na riƙe ƙugunta. Yana ta cewa, "Ƙananan taku, Gwaggo, a ware ƙafa kamar agwagwa." Kowace matakala da bisimillarta. Direban ma da ya ga abin sai ya kashe mota ya fito ya tarbe mu a gangaren. Da yamma Inna ta dawo numfashinta ya daidaita, ta ci tuwo, ta yi barci a kwance. Ni kuma na kwana biyu ina goge baƙin sawu a kafet ɗin ginin, mai kula da gini yana ta mita, Habu yana bugo waya yana tambaya ko ya aiko mini da itace in ƙara dafa ruwa.

Ranar da ya rasu, gida cike da masu gaisuwa, Inna ta jawo ni ta ce a hankali, "Shi ya ce shi zai fara samu." Ashe shekara biyu maganar tana ranta. Na ce mata ajali ne, Inna, ba toka ba ce, kada ki ɗora wa kanki abin da Allah ya rubuta. Ta yi istigfari, ta ce ta sani. Ta ce amma daga yau duk matakalar da ta taka a ƙofar nan, addu'arta tasa ce. Har yanzu haka take yi, sauka da hawa, rani da sanyi, kuma kada ka kuskura ka yi mata magana a tsakani.

Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya ga yau. Shagon da ya yi aiki sun koma gasa nama da gas, babu gawayi balle toka, na san da ya ce wannan ba tsire ba ne. Da ya ga wani ɗan garinmu da ya cika bayan motarsa da buhunan gishiri tun kafin a farga, alhali ƙofarsa matakala biyu ce, da sai ya yi masa waƙa. Amma akwai abin da zai faranta masa rai. A gininmu yanzu ba ma jiran durom. Da dusar ƙanƙara ta sauka muke kwashewa tun ba a tattake ta ba. Siririyar hanya ɗaya muke buɗewa. Ɗan gishirin da ya rage a kan matakala kawai ake sa shi, tafin hannu ɗaya, ba a watsa shi kamar ana ba kaji dawa. Saura kuma yashi da toka. Ni nakan tara tokar gashin naman layya a bokiti mai murfi. Maƙwabciyata 'yar Habasha, da ta ga abin da nake yi, ta fara kawo mini tokar gawayin da take dafa gahawa da shi. Ba ta taɓa ganin Habu ba, sunansa ma ba ta iya faɗa daidai.

Habu ya rasu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. In aka bi ta lissafin mutane, ɗan tsire ne da ya zo ƙasar wasu ya yi aiki ya mutu. Ni kuwa abin da na sani shi ne tsohuwar da likitoci suka yi ta yi mana kashedi a kanta tana nan da ranta, ta ga auren jikarta, tana zaune a falo yanzu haka tana yi mini faɗa wai na cika gishiri a miya. Ina kewarsa ƙwarai, har tsiyar tasa nake kewa. Babu wanda ya rage a duniya da zai ce mini mara basira in ji daɗi.

Jiya da yamma na sare ƙanƙarar gefen ƙarfen, na barbaɗa abin da nake da shi. An ce sanyin zai ƙaru, kuma ba a san ranar da gishiri zai dawo shaguna ba. Gobe Laraba, Inna tana da wankin ƙoda ƙarfe takwas na safe, kuma in Allah ya yarda za mu je.