Tsatsar Ƙarƙashin Gimbiya

A tashar Bakura, in ka ce Malami Bawa sai a tambaye ka wanne. In ka ce Malami mai Gimbiya, kowa zai nuna maka gidansa. Gimbiya kuwa ba mace ba ce, tsohuwar a-kori-kura ce fara, wadda ya gada daga mahaifinsa. Shekara ashirin da shida yana jan ta: albasa da tumatir zuwa kasuwar Talata Mafara, shinkafa zuwa Maradun, in damina ta kama kuma buhunan takin zamani zuwa Birnin Tudu. Mutum ne gajere, mai saurin magana da saurin dariya, kuma ba ya barin kowa ya jingina da motar nan.

Wata safiyar Asabar, bayan ruwan sama ya ɗauke, matarsa Larai tana share ƙofar gida sai ta ga wani jan ɓarɓashi ya zube ƙarƙashin motar, tsakanin tayoyin baya.

"Malam, zo ka gani. Gimbiyarka na zubar da gari."

Malami ya fito, ya tattare rigarsa, ya kwanta rigingine ya kutsa ƙarƙashi. Babban ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, wanda direbobi ke ce wa aksil, ya yi jawur da tsatsa. Ya sa farce ya taɓa, sai wani ɓawo ya ɓalle ya faɗo masa a gemu. Ya san abin da ya jawo: takin da ke tsiyaya daga buhuna in ruwa ya jiƙa su, da laka da yake ratsawa kullum ba tare da ya wanke ƙasan ba.

A hankali ya lallaɓa da ita har garejin Maikuɗi a Mafara. Maikuɗi bakanike ne, abokinsa tun suna samari a tasha. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da ruwa, sannan Malami ya kasa haƙuri.

"Maikuɗi, duba min ƙarƙashinta. Kak ka ɓoye min komi."

Maikuɗi ya sa jak ya ɗaga bayan, ya cire tayoyin, ya ɗauko ƙaramar guduma. "Saurara da kyau. In ƙarfen ya ruɓe, za ka ji ya amsa kamar an bugi busasshiyar ƙwarya. In da sauran ransa, zai yi ƙara."

Ya ƙwanƙwasa gefen hagu. Ƙarfe ya amsa tangaran. Ya matsa tsakiya ya sake bugawa, ya amsa. Ya koma dama, kusa da inda sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya zauna, ya buga sau uku yana karkata kunne. Malami ya matso kusa.

"Sama-sama ta ci," in ji Maikuɗi. "Ba ta kai ciki ba."

Malami ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. "Allahu akbar! Sake bugawa in ji! Don Allah sake bugawa!"

Ya ƙi yarda ya zauna a benci ya yi kallo. Ya tuɓe riga ya karɓi buroshin waya. Su biyu suka shiga ƙarƙashi suna kankara, jan gari na zubo musu a fuska, Malami na ta surutu ba tsayawa. Duk inda farin ƙarfe ya leƙo sai ya yi ihu, "Ga shi nan! Ƙarfen da ne wanga, ba na yanzu ba!" Bayan buroshi suka bi da sanfefa, takardar nan mai kaushi, suka wanke da kananzir. Notuna biyu na sifirin sun cinye, Maikuɗi ya sare su ya sa sababbi. Ya zubar da tsohon man da ke cikin aksil, ya ɗura sabo. Bayan azahar suka shafa jan fenti mai hana tsatsa, suka bar shi ya sha iska.

Washegari aka bi da baƙin fenti. Ranar Litinin da hantsi aka mayar da tayoyi aka sauke ta.

Malami bai nufi gida ba. Kai tsaye ya shiga tashar Bakura yana danna hon, ya tsaya a tsakiyar fili, ya fito yana tafa hannu.

"Ku zo ku leƙa! Balarabe, kai da ke cewa in sayar da ita ga 'yan gwangwan, duƙa ka gani!"

Balarabe, direban bas ɗin Maradun, ya duƙa yana dariya. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya miƙe sai ya wuce wurin tasa motar ya kwanta ƙarƙashinta. Can aka ji muryarsa daga ƙasa:

"Malami! Wane irin buroshi kunka yi aiki da shi?"

Kafin la'asar direbobi huɗu ne kwance ƙarƙashin motocinsu, ƙafafu kawai ake gani, Malami na zagaya su da guduma a hannu yana cewa kowa ya yi shiru a ji ƙarar.