Ɗan Gwaggona Da Sautin Da Bai Iso Ba

Ɗan gwaggona, wanda muke kira Sai-ta-iso, shekara ashirin da bakwai yana wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata sakandare. Da wankin kwalba na ba da digiri, da yanzu ya fi ƙarfin gaisuwarmu.

A shekararsa ta farko ya tsinci wani tsohon littafi a bayan kabad. Littafin ya ce sauti matsa iska yake yi yana sakinta, kuma idan zafin iskar bai canza ba, gudunsa mita ɗari biyu da tamanin ne a daƙiƙa. Shafin gaba, inda aka ce wannan lissafi kuskure ne, gara ta yi walima da shi.

Tun daga nan ba ya amsa kira sai ya tabbatar muryar ta iso. Matarsa za ta ce, "Baban yara, ruwan wanka." Sai ya zaro tef ya auna daga bakin kicin zuwa kujerarsa, ya ciro fensir a kunne. Kafin ya ce na'am ruwan ya huce, ƙaramarsu ta yi haƙori.

Ran nan matar ta haɗa akwati. Ta ce ta gaji da auren bango.

Na ruga na ɗauko malamar kimiyyar makarantarsu. Ta karɓi famfon kekena, ta toshe bakin famfon, ta buga da sauri, ta ɗora masa a kumatu.

"Da zafi, Malama."

"To haka sauti ke yi wa iska. Matsawar tana da sauri, zafin ba ya samun fita, iskar ta ƙara tauri. Gudun ya haura ɗari uku da talatin."

Ya ce, "Wato duk shekarun nan muryarta na isowa da wuri?"

"Tun kafin ka taɓa fensir."

Matar na bakin ƙofa da akwati. Ta ce, "Baban yara, na tafi?"

Bawan Allah ya zaro tef. Wai sabon lissafi sai an bi shi a hankali.

Ta dube shi, ta dire akwatin, ta zo ta zauna a hannun kujerarsa, bakinta dab da kunnensa.

"Auna nan in gani."

Ya duba, babu inda tef zai shiga.

"Na'am," ya ce. "Kada ki tafi."