Turmi Ɗaya, 'Ya'ya Bakwai

A gidanmu na Burumburum, tatsuniya tana farawa ne tun tuwo yana kan murhu. Ranar da nake tunawa, ni da yayata Hajara mun kwana biyu muna gaba. Kakarmu Iya ta hango mu ta cikin hayaƙi, ta yi kamar ba ta lura ba.

"Ga tatsuniya nan ta iso," in ji ta. "Wa zai ba ta wurin zama?"

Wai wata tsohuwa ce mai 'ya'ya mata bakwai da turmi ɗaya, wanda ba ya ɗaukar fiye da taɓare uku. Biyu daga cikin 'ya'yan ba sa ga maciji da juna, ita kuwa tsoronta kada ta mutu zumunci ya watse. Sai ta raba musu daka: kullum mutum uku, kowacce kwana uku a mako. Iya ta jera ƙwayar gyaɗa bakwai a toka a matsayin 'ya'yan, tana jan layi da tsinke, kowane layi rana ɗaya ce, ya ratsa uku. Na bakwai sai da ta lanƙwasa shi kamar bakin ƙwarya.

"Zaɓi biyu, duk waɗanda kika so," ta ce da ni. "Rana ɗaya tak za ta haɗa su. Zaɓi kwana biyu kuma, yarinya ɗaya ce tak ta yi daka a dukansu."

Na gwada har na gaji, ban kama ta da kuskure ba.

A tatsuniyar, ranar masu gabar nan ta zo. Lugude kuwa ba ya yiwuwa sai kina sauraron taɓaryar 'yar'uwarki, in ba haka ba ku fasa wa juna hannu. Kafin hatsi ya zama gari, sun fara dariya. Barci yana fizgata, ina ganin ƙwayoyin gyaɗar suna daka a cikin toka. Da safe Iya ta miƙa mana taɓarya ɗai-ɗai.

Bayan shekaru na ci karo da zanen nan a littafin lissafi: ɗigo bakwai, layi bakwai, kowane layi biyu sun haɗu a ɗigo ɗaya. Na yi dariya, sai kuma ƙwalla. Lokacin Iya ta rasu, Hajara tana aure a Riruwai, shekara uku ba mu gaisa ba, ina kewarta, girman kai ya hana ni faɗi. Littafin ya ce tsakanin kowane ɗigo biyu akwai layi, amma bai faɗi wanda zai ja shi ba. A da Iya ce take ja mana. Ranar Asabar na shiga motar Doguwa, na nufi Riruwai.