Ranar da Aka Ari Hancina

Ni dai ban taɓa shan giya ba, kuma ba na fatan in sha har in koma ga Mahaliccina. Amma na taɓa sansana ta da gangan, har sau uku a zama ɗaya, kuma har yau ban gama sanin matsayin abin da na yi ba.

A lokacin shekarata ta shida ke nan a Riyad. Maigidana direba ne a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci, ni kuma ina dafa musu abinci. Mutanen wani tsibiri ne mai nisa inda ake noman rake, baƙaƙe kamar mu, Kiristoci. Muna ce wa mijin Oga, matar kuma Madam. Su kuwa Mama suke kirana, ko da yake Madam ta girme ni. A ƙasar nan ko a doka giya haramun ce, amma irin su Oga an ɗauke musu a cikin gidajensu. Tun ranar da na fara aiki muka yi sharaɗi cewa ba na taɓa kwalba, ba na wanke kofin da aka sha da shi. Madam ke wankewa da hannunta, kuma ba su taɓa saɓawa ba.

Oga ya yi ciwon korona, ya warke, amma hancinsa bai dawo ba. Ko albasa ce ke ƙonewa a gabansa ba ya ji. Ni kuma Allah Ya ba ni hanci. Tun a gida nake haɗa humra da turaren wuta, a nan ma ina sayo kayan haɗi a kasuwar Batha in yi wa matan 'yan ƙasarmu. Ni ce na taɓa jin gas yana yoyo a kicin tun ina bakin ƙofar gida, kowa yana cewa babu komai.

Wata Asabar bayan la'asar ina yanka kuɓewa, maigidana ya shigo kicin yana sosa ƙeya.

"Oga yana neman aron hancinki," in ji shi.

"Aron me?"

"Hancinki. Ni ya fara tambaya, ya ce ba zai yi miki magana ba sai na yarda."

"To ka yarda?"

"Na ce masa hancin ba nawa ba ne."

Ya yi mini bayani. Ashe gidan su Oga sana'arsu ke nan tun kakanni, yin wata giya da ruwan rake, wadda suke kira ram. Mahaifinsu ya rasu, ƙanwar Oga ta karɓi aikin. Ta yi nata na farko, ta zuba a gangar katako wadda a da aka ajiye wata giyar inabi a ciki, sheri suke ce mata. Shekararsa biyu ke nan a gangar, a wurinsu har yanzu yaro ne. Ta aiko wa yayanta ɗan kaɗan ya faɗa mata ko ta juye daga gangar ko ta ƙara barinsa. Shi kuwa ba ya jin komai sai zafi a maƙogwaro. Madam kuma ta ce ita duk ɗaya take jin su.

Na ce, "Malam, ya halatta?"

Ya ce, "Sha ne na san an hana. Sansanawa kuwa, wallahi ban kai nan a karatu ba."

Na leƙa falo. Oga yana zaune da 'yar kwalba a gabansa, ya zuba mata ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Mutumin nan shi ya tsaya har aka yi wa 'yarmu iƙama, takardar izinin zama. Na ɗauraye hannu na fita, ban yi bisimilla ba don ban san ko ta dace a wurin ba, ban kuma ji daɗin rashin yin ta ba.

Madam ta zuba kaɗan a wani kofi mai siririn baki, ta riƙe mini da kanta. Kalarsa kamar shayin da bai yi ƙarfi ba. Na sa hannuwana a baya, na sunkuya.

Sai da na ja da baya, hawaye ya cika mini ido. Maigida ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Malam, abin nan ya lalace. Yaya zan faɗa wa bawan Allah?"

"Faɗi abin da kika ji, ni zan juya masa."

Na sake sunkuyawa, wannan karon daga nesa-nesa, yadda nake yi wa sabon turare. Na ce ina jin ayabar da aka manta a mota ta yi baƙi. Ina jin ɓawon abarba da ya kwana uku a kwandon shara. Sannan a samansu duka akwai gam ɗin masu gyaran takalmi, da ruwan da 'yan mata ke goge jan farce da shi. Ina faɗa ina sassauta murya, don na san ƙanwarsa ce.

Maigida ya juya masa da Turanci. Sai Oga ya miƙe tsaye, ya buga hannu a cinya. Na ɗauka fushi ne. Ashe dariya yake yi, har da riƙe kai.

"Gam! Mama ta ce gam!" Ya juya ga Madam yana ta maimaitawa.

Maigida ya ce, "Wai haka na mahaifinsu yake. Wai da gangan suke barin ruwan raken ya daɗe yana tsami don wannan warin ya fito. Wai yarinyar ta gaji ubanta."

Na ce, "Warin ne abin so?"

"Haka ya ce."

"Ka dai juya daidai? Ruɓa fa na ce."

"Hajiya, shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Turawa. Na san ruɓa da Turanci."

Na tuna da daddawa, yadda Madam ta toshe hanci ranar da na fara buɗe ta a kicin, ta kuma cinye miyar tas. Na ɗan samu inda zan tsaya. Sai na ga ya kamata in ƙara masa da abu mai daɗi, tunda ya ji daɗin mara daɗin. Na sunkuya na uku, na daɗe. A ƙarƙashin warin akwai ƙamshi na gaske: zabibi, busasshen dabino, ɗan ƙaurin mazarƙwaila, da wani abu kamar cikin tsohuwar adaka. Wannan na gane shi sarai, don kwalbar da ta daɗe da humra ba a wanke ta, sabon haɗi yana ɗaukar na tsohon. Na ce wa maigida ya faɗa masa ƙamshin nan yana da kyau ƙwarai, har ya fara rufe warin.

Sai fuskar Oga ta canza. Ya zauna.

"Ya fara rufewa, Mama? Sosai?"

Na dubi maigida. "Me kuma na yi?"

"Wai ƙamshin na gangar ne, ba na yarinyar ba. In ya yi yawa ya cinye aikinta."

Wato abin da na kira lalacewa shi ne gyara, abin da na yaba kuma shi ne abin tsoro. Na ce ni dai yanzu ƙamshin da warin suna kusan kai ɗaya, amma zabibin yana tasowa. Oga ya kurɓa kaɗan, ya juya shi a baki, ya rufe ido. Na san ba ya jin komai, maganata yake bi. Nan take ya ɗauki waya ya kira ƙanwarsa, ya ce ta juye a makon nan. Ina jin muryarta tana ihun murna daga can.

A nan ne na gane abin da na yi. Da na ɗauka hanci kawai na ba da aro. Yanzu ga wata mata a bayan teku za ta juye ganga guda ta giya a kan maganata.

Na koma kicin na sake alwala, ko da yake ban taɓa komai ba. Da muka koma ɗakinmu na gaya wa 'yata, wadda take aji uku na sakandare a lokacin, Larabci kuma ya fi Hausa zama a bakinta. Ta ɗauko waya ta yi ta karanto mini fatawoyi da sauri, ina cewa ta bi a hankali, ni karatun yaƙi da jahilci na yi. Wani malami ya ce jin wari ba sha ba ne. Wani ya ce duk wanda ya taimaka a yin ta yana da kaso.

"To ni wanne ce?" na tambaye ta.

"Umma, ke ba ki matse rake ba."

"Amma na ce a juye."

"Oga ne ya ce a juye. Ke kin ce zabibi." Ta ajiye wayar. "Kuma turarukan da kike sayowa a Batha ma akwai sifirit, dangin giya, a wasu."

Da ba ta faɗi wannan ba. Na yi kwana biyu ina kallon kwalaben humrata kamar baƙi.

Bayan wata huɗu wata 'yar kwalbar ta iso, daga ganga ta biyu. Maigida ya sake shigowa kicin, bai ma buɗe baki ba na ce masa a'a. Na ce ya faɗa wa Oga ba fushi nake ba, zuciyata ce ba ta kwanta ba tun wancan karon. Oga ya zo da kansa har bakin kicin, ya ce, "Na gane, Mama. Ki yafe mini." Ya juya zai tafi, kafaɗunsa a sake. Wannan ya fi komai damuna.

Washegari na ajiye ayaba biyu a bayan taga inda rana ke bugawa. Da suka yi baƙi na jera ƙananan kofuna biyar a kan tire: ayabar, ɓawon abarba, zabibi, dabino, da ɗigon gam da na karɓo wurin maigida. Na kira Madam na ce ta rufe ido. Ina miƙa mata tana faɗa. Ranar farko ta kira gam abarba. Muka yi mako biyu a haka, kullum bayan abincin rana, har ta iya raba su ko na haɗa biyu a kofi ɗaya.

Ranar da suka buɗe kwalbar ina kicin, na rufe ƙofa. Ina jiyo Madam tana cewa ayaba, Oga yana tambayarta baƙa ko ja. Maigida ya shigo shan ruwa, na ce, "Malam, wanda ya koya wa mai sansanawa fa, shi ina matsayinsa?"

Ya ajiye kofin ya ce zai tambaya a masallaci ranar Juma'a.